Kafin Ka Sayi Injin Yanka da Faskaren Itace

A ƙasashen sanyi irin su Finland da Ostiriya da Kanada, inda gidaje da yawa ke ɗumama ɗakuna da wutar itace watanni da dama a shekara, an daɗe da ƙera injin da ke yin aikin ƙarti uku ko huɗu shi kaɗai. Yakan jawo gungume, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya faskara, sannan bel ya kwashe faskararren itacen ya zuba a tirela. Kamfanonin Palax da Japa da Hakki Pilke na Finland, da Posch na Ostiriya, da Tajfun na Sulobeniya duk sun yi suna a wannan fanni. Hotunan aikinsu suna yawo a wayoyi, kuma duk wanda ya taɓa wuni da gatari a hannu, in ya gani sai ransa ya biya. Ga shi tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan murhu, itace ya ƙara daraja. Don haka masu tunanin sayen inji, ko don gida ko don neman na kai, ba su yi wauta ba. Sai dai itacen da kake da shi, da inda za ka ci gaba da samo shi, su ya kamata su zaɓa maka inji. Ga shawarwarina.

1. Fara duba itacenka kafin ka duba farashi

Waɗancan injinan an ƙera su ne domin bishiyoyin dazukan Turai, dogaye, miƙaƙƙu sambal kamar falwaya, masu sauƙin tsagewa. Gungume yakan kwanta a kan bel ya shige bakin inji ba gardama. Mu kuwa me muke ƙonawa? Marke, ƙirya, bagaruwa, darbejiya, rassan gawo, sabara da kalgo. Yawancinsu karkatattu ne, ga rassa, ga gaɓoɓi, ga tauri. Ƙirya ai da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, gawayinta kuma maƙera ke nema. Karkataccen gungume yakan maƙale a bakin babban inji, sai an tsaya an ciro shi an daidaita shi da zarto, saurin da aka sayi injin dominsa ya tafi ke nan.

Kowane inji kuma yana da iyakar kaurin da yake haɗiyewa. Waɗanda manoman Turai suka fi saye sukan tsaya ne tsakanin santimita 30 zuwa 40. Ka ɗauki awo ka auna gumaguman da ka saba samu, ba mafi kyawunsu ba. Idan abin da ke zuwa maka sandunan bishiyar turare ne daga gonar da aka dasa, babban inji zai yi maka aiki. Idan tarkacen rassa ne da kututture, ka bar shi.

2. Yi lissafin abin da kake ƙonawa

Gidan da ke ɗora tukunya sau biyu ko uku a rana ba ya bukatar babban inji, ko da iyalin suna da yawa. Abin da irin wannan gida zai ƙona a shekara, injin zai gama shi cikin 'yan kwanaki, sauran watannin ya zauna yana tsatsa. Masu bukatarsa su ne masu sayar da itace mota-mota, gidajen burodi, makarantun kwana, da ƙungiyoyin mata masu suyar ƙuli-ƙuli ko sarrafa shinkafa idan sun haɗa ƙarfi.

3. Ga yawancinmu, inji biyu sun fi guda ɗaya

Maimakon injin da ya haɗa komai, ka sayi zarton inji na hannu domin yanka, da injin faskare na haidirolik daban. Zarto ba ruwansa da karkatar gungume, kuma za ka iya ɗora shi a babur ka kai shi inda itacen yake. Idan ɗaya ya lalace ɗayan yana aiki. Kuɗin su biyun bai kama ƙafar na babban inji ba. Har ma kana iya farawa da zarto kaɗai, faskare ya ci gaba da gatari da weji, domin yankan gungume a gicciye shi ne aikin da ya fi cin ƙarfi da ɓarnar itace idan da gatari ake yi.

Wajen zaɓen zarto kada tsawon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya ruɗe ka. Mai tsawon inci 16 zuwa 18 ya ishi aikin itacen girki. Dogo yana da nauyi, yana gajiyar da hannu, kuma gajiya ce ke buɗe wa haɗari ƙofa.

4. Ƙarfin turi, sauri, da tsawon itace

Ana auna ƙarfin injin faskare da tan. Ƙananan masu amfani da lantarki sukan kai tan 4 zuwa 7, masu injin fetur kuma tan 20 zuwa 30 ko fiye. Ƙaramin zai tsaga ɗanyen turare da siraran gumagumai, amma idan ya haɗu da busasshen marke mai gaɓa sai ya tsaya yana gurnani. A ganina, duk mai aiki da itacen dajinmu ya nemi na tan 20 zuwa sama. Ka tambayi daƙiƙa nawa hannun injin ke yi ya tura ya dawo. Daƙiƙa 10 zuwa 15 daidai ne. Wanda ya wuce haka sosai zai sa ka wuni tsaye kana jira.

Akwai na kwance, akwai na tsaye, akwai wanda ake juyawa ya yi duka biyun. Manyan gumagumai sun fi son na tsaye, domin mirgina su za ka yi zuwa ƙarƙashin bakin injin, ba ɗagawa ba, kuma bayanka zai gode maka.

Akwai abin da maza kan manta, wato su tambayi mai girkin. Turawa suna yanka itacensu gajere, santimita 25 ko 33 ko 50, domin cusawa suke yi cikin murhun ƙarfe su rufe. Ƙananan injinan faskare da yawa ba sa karɓar abin da ya wuce rabin mita da 'yan kai. Murhunmu mai duwatsu uku kuwa dogon itace yake so, wanda za a riƙa izawa a hankali, a janye idan wuta ta yi yawa, a kashe da ruwa a adana guntun zuwa gobe. Idan ka kawo wa uwargida guntaye za su ci da wuri, ta rasa yadda za ta sarrafa wutar tuwo. Ko dai ka nemi inji mai karɓar mita guda, ko kuwa ku koma murhu mai tsimin itace, wanda shi guntayen yake so. Na biyun ya fi alheri ga aljihu da ƙirjin mai girki, amma shawara ce da za ku yanke tare.

5. Me zai juya shi?

Hanya uku ce: lantarki, injin kansa, ko tarakta. Mai lantarki ba ƙara ba hayaƙi, amma sai inda wuta take tsayawa. Manyan suna bukatar wuta mai layi uku, wadda ba kowane gida ke da ita ba. Idan da janareta za ka tayar da shi, ka sani motar lantarki tana zuƙar wuta ninki da yawa a lokacin tashi, don haka janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin injin ba lallai ya ɗaga shi ba. Ka kuma karanta rubutun jikin duk wani na hannu da aka shigo da shi daga Amurka ko Kanada. Wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230.

Mai tarakta ya dace da inda akwai tarakta tana zaman banza da rani. Mai injin fetur ko dizal shi ya fi dacewa da ƙauye. Kada a kuskura a tayar da shi cikin shago ko zaure a rufe. Iskar da ke kashe mutane daga hayaƙin janareta ita ce dai a nan, ba ta da launi ba ta da wari.

6. Sayi abin da bakaniken garinku zai iya gyarawa

Kafin ka biya kuɗi, zagaya kasuwa ka tambayi sarƙa, fulogi, matacin iska, igiyar tayarwa, tiyon haidirolik da robobin da ke hana yoyo. Idan babu su a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko a babbar kasuwar da ta fi kusa da kai, to ranar da injin ya tsaya ya tsaya ke nan. Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin su ne sanannu a harkar zarto, kuma saboda sunansu ne jabunsu suka yi yawa. Zarton da aka rubuta wa babban suna amma ake sayar da shi a farashin banza, ka san araha ba ta ado. Gara ka sayi mai araha da sunansa na gaskiya, ka san abin da ka riƙe.

Masu walda irin na Panteka a Kaduna suna iya haɗa injin faskare daga famfon haidirolik da silindar tsohuwar motar aiki, kuma ina ganin wannan hanya ce mai kyau, tunda mai haɗawar shi ne mai gyarawa. Sharaɗi biyu za ka kafa masa. Ya sa bawul ɗin da ke sakin mai idan matsi ya wuce kima, kuma ya yi hannun sarrafawa yadda da zarar ka saki, turin zai tsaya. Irin wanda ake kafa wa tsinin ƙarfe mai zare yana juyawa ba tsayawa, ana tura masa gungume da hannu, ina roƙon ka ka guje shi. Idan ya kama hannun riga ba ya saki, kuma yakan fizge gungumen ya juya da shi ya doki mai aiki.

7. Daga ina itacen zai riƙa zuwa?

Wannan ce shawarar da ta fi damuna. Bishiyar da mai gatari zai sha wahala kafin ya kayar, mai zarto zai kwantar da ita kafin shayi ya tafasa. Wanda ya ci bashi ya sayi inji kuwa ba zai so ya gan shi a ajiye ba, sai ya shiga neman abin yanka ko ta halin ƙaƙa. Ta haka ake wayar gari ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, waɗanda suka shekara da shekaru suna ba gida kalwa da man kaɗe da abin kunu, sun zama damin itace na sati biyu.

Doka ma tana da magana. A Najeriya harkar daji tana hannun jihohi, don haka ka je ofishin gandun daji na jiharku ko na ƙaramar hukuma ka ji abin da ake bukata kafin sare bishiya ko ɗaukar itace a mota. A Nijar tun 1992 aka kafa tsarin kasuwannin itace na karkara, inda mutanen ƙauye ke kula da dajinsu ana karɓar haraji a kan abin da aka fitar, kuma gawo yana cikin bishiyoyin da doka ta kare. A Gana dokar 1998 ta wajabta yi wa zarton inji rajista a majalisar gunduma, ta kuma hana tsaga katakon sayarwa da shi.

Abin da inji ya kamata ya ci shi ne sassaben rassa, bishiyar da iska ta kayar, ragowar masu katako, da abin da aka dasa musamman domin itace. Turare da darbejiya suna sake tofowa daga kututture bayan an sare. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da zai yiwu. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona a riƙa rage shi ana renon masu ƙarfi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa bishiyoyi sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Daga rassan waɗannan bishiyoyi gidaje ke samun itace ba tare da an kashe uwar ba. Wanda ba shi da tabbatacciyar hanyar samun itace irin wannan, a ganina lokacin sayen injinsa bai yi ba.

8. Mai iri biyu, kada ka haɗa su

Zarton inji ba shi da wurin zuba baƙin mai. Ana gauraya masa man inji na musamman a cikin fetur. Stihl da Husqvarna awon 50 da 1 suke cewa, wato mililita 20 ga kowace lita ta fetur, ko mililita 100 ga lita 5. Masu araha da yawa 25 da 1 suke nema, wato mililita 40 ga lita. Bi abin da littafin injinka ya ce, ka auna da sirinji, ka bar awon ido. Tsagwaron fetur yakan kashe injin cikin 'yan mintoci. Kada ka gauraya fiye da abin da za ka ƙarar cikin wata guda.

Tanki na biyu na man sarƙa ne, ka cika shi duk lokacin da ka cika na fetur. Ƙonannen baƙin man da aka juye daga mota bai dace ba, yana cinye famfon man, kuma yana fantsama a jikinka da itacen da za a yi girki da shi. Bayan zuba mai, matsa kamar mita 3 daga wurin kafin ka tayar.

9. Yashi ne abokin gaban sarƙa

Ƙasarmu rairayi ce, iskar hunturu kuma tana cusa ƙura cikin ɓawon itace. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya ta dakushe. Ɗora gungume a kan wasu gumaguman ko a kan maɗori, ka kankare ƙasar da ke jikinsa. Bishiyoyin cikin gari sukan ɓoye ƙusoshi da waya, ka duba.

Kaifin sarƙa a dusarta ake gane shi. Mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya tana jan kanta cikin itace, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa, sai ka danna, har hayaƙi ya tashi. Koyi wasa ta da zagayayyen magagari wanda ya yi daidai da girman haƙoranta, a karkace kamar digiri 30, kowane haƙori adadin shafa iri ɗaya. Ka riƙa kakkaɓe matacin iska kullum lokacin hunturu.

10. Zarto ba ya yafiya

Sarƙar zarto tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Haɗarin da ya fi muni shi ne idan gefen sama na tsinin ƙarfen ya taɓa wani abu, zarton ya yi tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Saboda haka ne aka sa masa birki a gaban hannun hagu. Kada ka sayi wanda ba shi da birki, kuma kada ka yarda wani ya cire shi don wai yana damunsa. Riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin. Tsaya ɗan gefe da layin yankan. Kada ka yi yanka sama da kafaɗa, kada ka hau tsani ko bishiya da shi, kada wani ya riƙe maka itace da hannu ko ƙafa. Wajen tayarwa ajiye shi a ƙasa, birki a ɗaure, ka taka mariƙin baya.

Tufafi ma abin dubawa ne. Mun san abin da injin markaɗe ke yi idan bel ya kama mayafi ko hijabi. Babbar riga, rawani, doguwar jallabiya da silifas ba kayan wannan aiki ba ne. Sa riga da wando masu kama jiki, rufaffen takalmi mai ƙarfe a baki, tabarau, safar hannu, da abin toshe kunne, domin ƙarar zarto ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa idan abin ya daɗe. Akwai wando na musamman mai zaruruwan da ke shaƙe sarƙa su tsayar da ita. Yana da tsada, yana da zafi a bazara, amma na fi son ka yi aikin da sanyin safiya sanye da shi. Kada ka yi aiki kai kaɗai a daji, kuma ka ajiye bandeji mai kauri kusa. Idan tsautsayi ya faɗa, a danne ciwon da ƙarfi a nufi asibiti, ba a tsaya zuba ƙasa ko toka ba.

11. Mutum ɗaya a kan injin faskare

Yawancin yatsun da injin faskare ke ci, mutum biyu ne ke aiki, ɗaya yana gyara gungume ɗaya ya ja hannun sarrafawa. Wanda ya ɗora itacen shi zai ja. Shi ya sa injinan Turai da yawa ba sa motsi sai an riƙe su da hannu biyu, kuma kada a ɗaure ɗaya daga hannayen sarrafawar da roba don neman sauri. Riƙe gungume ta gefe, ba ta ƙarshensa ba. Kada ka sa yatsa cikin tsagar da ta buɗe, tana iya rufewa. Yanka bakin gungumen daidai, domin mai karkataccen baki yakan zame ya yi tsalle. Yara su yi nisa, ba sa ɗauko itace daga bakin inji ko da sun nace suna son taimako.

Matsin man haidirolik yakan kai kusan ninki 100 na iskar tayar mota. Idan tiyo ya yi ɗan huji, man yana iya huda fata ya shige tsoka, ciwon ya yi kamar ba komai alhali yana iya kai wa ga yanke yatsa. Nemi yoyo da kwali, ba da tafin hannu ba. In ya huda ka, asibiti a take, ka faɗa musu mai ne ya shiga. Mai aiki da tarakta kuma kada ya cire murfin sandar da ke haɗa tarakta da injin, mai juyawa sau 540 a minti.

12. Faskara da ɗanye, ƙona da busasshe

Itace da yawa, musamman turare, sun fi tsagewa suna ɗanye, kuma faskararre ya fi saurin bushewa. Sabon sara kusan rabin nauyinsa ruwa ne, shi ya sa busasshe ke ba da zafi kusan ninki biyu na ɗanye idan nauyinsu ɗaya. A Ingila tun 2021 doka ta hana sayar wa gidaje ƙananan ɗaurin itacen da laimarsa ta wuce kashi 20 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar sa. Mu kuwa Allah Ya ba mu hunturu da bazara masu busar da itace. Yi aikinka daga kaka, jera itacen a kan duwatsu ko bulo saboda gara, bar iska tana ratsawa, ka rufe samansa kaɗai kafin ruwan farko. Nisanta shi da ɗakin kwana saboda maciji da kunama da gobara. Katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin gara ba na girki ba ne.

13. Idan za ku haɗa kuɗi, ku rubuta

Gidaje biyar ko goma, ko ƙungiyar unguwa, za su iya mallakar inji ɗaya a riƙa zagayawa da shi ana biyan kuɗin aiki. Ku naɗa mutum ɗaya ko biyu da za su koya su riƙe shi, kada ya zama na aro hannu-hannu. Na fi son a fara tayin wannan aiki ga mai faskaren da ya saba zagaya unguwar da gatarinsa. Ya san itace, ya san inda gaɓa take, kuma abincinsa ne injin zai taɓa. Ku ware kaso daga kowane aiki domin sarƙa da mai da gyara, a rubuta a littafi, a rubuta wa zai biya idan ya lalace a gidan wani. Idan damina ta kama za a ajiye shi, a juye fetur, a bar zarton ya yi aiki har ya mutu da kansa don kafireto ya bushe, a cire sarƙa a shafa mata mai, a mayar da hannun injin faskare cikin silindarsa don kada ya yi tsatsa, a ajiye su inda ruwa ba ya zuba, makulli a hannun mai kula.